Agogon Baba na son sabon maɗauri: in yi oda daga waje ko in kai wa dukawa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don mai ba da amsa ya san inda matsalar take.

Agoguna biyu nake ji da su. Na farko na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, Omega Seamaster De Ville na farin ƙarfe, mai tashi da motsin hannu, wanda ya saya a Jidda a 1965 da ya je sauke farali. Ranar rabon gado babu wanda ya kalle shi cikin 'yan'uwana, wai ya yi ƙanƙanta, faɗinsa milimita 34 ne kacal. Ni na ce a sa min shi a kasona. Na biyun Rolex Datejust 36 ne mai lamba 16200, na hannu na saye shi a Dubai a wata tafiyar sarin kaya. Da gangan na zaɓi wannan lambar, don zoben da ya kewaye gilashinsa sumul ne kuma ƙarfe ne. Mai tsaga-tsagar nan da ake rububi, 16234, zobensa farin zinare ne, ni kuwa ba na son ɗaura abin da zai sa ni waswasi in na zo tayar da salla.

Omega ɗin da fata ya zo tun asali, amma ta mutu tun Baba yana raye, sai ya mayar masa da sarƙar nan mai talewa da take tsigar gashin hannu. Bara na cire ta, na sayi maɗaurin fata a wajen wani mai talla a intanet da ya ce min fatar Italiya ce. A Janairu na ɗaura, lokacin sanyi, komai lafiya lau. Kafin Afrilu ya fita cikinsa ya yi baƙi ƙirin, gefen ya fara ɓarewa, ramin da nake sa ƙugiya ya wage, ga wani tsami yana tashi wanda in na miƙa hannu zan auna yadi ni kaina kunya nake ji. A Kantin Kwari nake yini, shadda da yadi nake sayarwa, shagon fanka ce kawai, in aka ɗauke wuta kuwa kun san sauran. Azahar da La'asar a kasuwa nake yin su, wani lokacin har Magariba, kuma in zan yi alwala ja da agogon sama nake yi in wanke hannu in mayar da shi.

Wani abokina mai tara agoguna ya ce arha na saya, in saki kuɗi in yi odar na fatar kada ko na fatar doki daga Amurka ko Faransa in huta. Da na duba farashi sai na ga masu sauƙin ma sun haura dala ɗari, na kada kuwa ninki biyu ko uku. Da canjin yanzu wannan ba kuɗin wasa ba ne. Abin da yake ci min rai shi ne, a Kano muke fa. Daga shagona zuwa Ƙofar Wambai tafiyar ƙafa ce, ga fata nan jibge, kuma tun muna yara ake gaya mana daga nan ake kai wa Turawa. To me zai hana baduku ya yanka min na jar akuya? Ko akwai abin da ban gane ba?

Shi kuma Datejust ɗin, ina sha'awar in cire masa sarƙar Jubilee in sa masa fata ruwan ƙasa saboda Salla da ɗaurin aure, don a idona ya fi shiga da babbar riga. Akwai illa? Wanda ya taɓa yi ya faɗa min gaskiya.

Mai Gyara, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Gyaran agogo ne sana'ata, a hannun mahaifina na koya, kuma abin da ya tayar min da hankali a bayaninka ba fatar ba ce. Agogon 1965 kake kai wa bakin famfo.

Kada sunan Seamaster da ke fuskarsa, wato gwanin teku, ya ruɗe ka. Abin da yake tare masa ruwa 'yar roba ce siririya a cikin maɓallin da kake juyawa, sai matsewar gilashi a bakin gidan. Shekara sittin ta shuɗe, robar nan in ba a taɓa canja ta ba ta bushe ta zama gari. Ɗigo ɗaya ya isa. Da safe ka ga hazo a cikin gilashi, kafin ka zo wurinmu tsatsa ta kama inji. Inji ana samun kayansa, amma fuska in ta yi tabo shi ke nan, in an sake mata fenti kuma masu saye sun daina kallonsa da daraja. Don haka kafin ka taɓa buta ka cire shi, ka jefa a aljihun gaban riga. Ban ce ka ajiye a kan dakali ba. Na sha ganin wanda ya zo sayen sabon agogo saboda ya bar nasa a wurin alwalar masallaci.

Wani abu kuma, yawancin De Ville na wancan zamani gidansu ƙira ɗaya ce, bayansu ba ya buɗuwa, ta gaba ake fito da inji bayan an zare gilashi da abin zare shi. Duk mai gyaran da ka ga ya kifa shi ya ɗauko wuƙa zai ɓamɓari baya, karɓe kayanka ka yi masa sallama. Gilashin na roba ne, in na asali ne za ka ga ɗan mitsitsin tambarin Omega a tsakiyarsa in ka karkata shi a haske. Ƙarzuwarsa gogewa ake yi ta fita, kada ka yarda a ce sai an canja.

Yanzu maganar maɗauri. Kafin ka biya kowa, baduku ne ko Bature, auna tsakanin kunnuwan agogon biyu, inda fata take shiga. Irin naka galibi milimita 18 ne, amma a auna, don akwai masu 17 da 19. Datejust 36 kuwa 20 ne. In ka sa ƙaramin maɗauri a babban gurbi, yana zamewa hagu da dama har wata rana ya danne kafaɗar fil ɗin, wato ɗan sandan ƙarfen da ke riƙe maɗauri tsakanin kunnuwa, ya fice. Shi fil ɗin nan mai sifirin shi ne mafi arha a jikin agogo, kuma shi ne yake kayar da agogon miliyoyi a kan kwalta. In wanda ke jikin Omega ɗin tun na Baba ne, a sa sabo mai kyau.

Na Rolex, gaskiya ni ba na so. Agogo ne da maɓallinsa ke murɗuwa ya kulle, in robobinsa lafiya suke ka yi alwala da shi har ka gaji. Ka sa masa fata, ka mayar da agogon da ba ya tsoron ruwa ya koma mai tsoron ruwa. In dai sai ka yi, duba kunnuwansa. Na farko-farkon 16200 suna da huda ta waje, tsinke kawai za ka zura fil ya fita. Na baya-baya babu huda, sai ta ciki, a nan ne ake yi wa kunnuwa zane. A manna salatif kafin a taɓa. Sarƙar da ƙarafunan bakinta biyu da fil ɗinta ka haɗa su a ambulan ɗaya ka adana, ranar sayarwa su za a fara tambaya. Kuma kada fatar da za ka sa ta yi kauri a wurin naɗi, don tana gogar tsakanin kunnuwa, inda aka zana lambobin agogon.

Tambaya ɗaya: ƙugiyar fatar Baba ta asali, mai tambarin Omega, tana nan? A bincika gida.

Alhajin Nasarawa:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Arha ka saya, haka ne. Amma ka kawo na dala ɗari huɗu ka yi masa abin da ka yi wa wancan, zai mutu shi ma, sai dai ya ɗan jima.

Maɗauri hawa uku ne: fatar sama da ake gani, cikon tsakiya, sai shafi da yake kwanciya a kan fatar hannunka. Kuɗin da kake biya yawanci na sama ne. Wanda yake shan gumin Kano kuwa shafi ne. Masu arhar nan, guntattakin fata ake niƙawa a kwaɓa da gam a shafa roba a sama, cikon kuma kwali, shi ya sa gefen naka ya ɓare. Tambarin da ake bugawa a ciki wai fata ce ta gaske ba ya gaya maka komai.

Manyan hanyoyin jima biyu ne a duniya. Akwai ta itatuwa, irin tamu ta bagaruwa da irin ta yankin Tuskani a Italiya, tana ɗaukar makonni, fatar tana kyau da tsufa, amma tana shan ruwa da gumi ta yi duhu. Akwai ta sinadarin kurom, wadda ake gamawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ita ce mafi yawan fatar da ke kasuwar duniya yau, kuma ta fi jure laima. Mu a nan, sama ta zama duk abin da ranka yake so, amma shafi ya zama ɗan maraƙi mai jimar kurom ko kuma roba. Akwai wata fatar shafi da ake kira Zermatt, ta majemar Haas da ke Alsas a Faransa, masu ɗinkin hannu da yawa ita suke sawa saboda gumi. Kamfanin Hirsch na Ostiriya kuma yana da wasu da samansu fata ne ƙasansu roba mai kwararo don iska ta ratsa. A bazara ni irinsu nake ɗaurawa in na matsu sai na sa fata.

Ta dokin da aka gaya maka ita ce kodoban. Wadda ta yi suna ta majemar Horween ce a Chicago, tun 1905 suke aiki. Ba fatar doki gaba ɗaya ba ce, wani faifai ne a ƙarƙashin fatar ɗuwawunsa, kuma jimarsa tana cin aƙalla wata shida. Ba ta tsagewa a wurin lanƙwasa, sai dai ta yi tudu-tudu, tana da ƙarko ƙwarai. Aibinta, ɗigon ruwa yana tasar mata da tabo sai ka goge da burushi ka sake gogewa. Mai alwala da agogo a hannu ba zai ji daɗinta ba.

Shi kada kuma, wanda manyan kamfanonin agogo suke amfani da shi galibi na Amurka ne, na jihar Luwiziyana. Mai ɓawo murabba'i daga ciki ake yanka shi, ya fi tsada, mai ɓawo zagaye daga gefe. A ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, fatarsa ba ta tsallaka iyaka sai da takarda, shi ya sa masu sayarwa da yawa in ka ce Najeriya sai su ce ba sa turawa. Kamfanonin Camille Fournet na Faris da Jean Rousseau na Besançon, duk a Faransa, suna ɗinka wa mutum daidai awonsa, ka zaɓi launi da zare da shafi. Aikinsu babu abin cewa. Sai dai ni ban ga dalilin sa wa agogon ƙarfe ɗan milimita 34 kada mai ƙyalli ba, kamar an sa wa dattijo hular samari ne.

Abin da ya dace da shi siriri ne, kauri milimita 2 zuwa 2 da rabi, babu ciko mai tudu, ya fara da 18 a kunne ya tsuke zuwa 16 ko 14 a ƙugiya. Masu kaurin nan da kake gani a hotuna na manyan agoguna irin su Panerai ne, masu kunne 24, wata duniya ce daban. Tsawon da aka saba shi ne milimita 115 ɓangaren ramuka da 75 ɓangaren ƙugiya, yana yi wa matsakaicin hannu. Ka auna wuyan hannunka da tef ɗin shago, ai ba ka rasa shi ba.

Kan Datejust na saɓa wa Malam mai gyara kaɗan. Su Rolex da kansu sun sayar da wasu Datejust a kan fata, ba bidi'a ba ce. Da agogon Royal Oak ne na 1972 ko Nautilus na 1976, waɗanda Gérald Genta ya zana sarƙarsu haɗe da gidansu, da na ce ka bar su yadda aka yi su. Naka kuwa yana karɓar fata, musamman ruwan goro. Ka sa masa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, Maris na kamawa ka mayar da Jubilee. Kuma tunda sau biyar za ka riƙa cirewa a rana, nemo masa maƙulli mai naɗewa irin na sarƙa. Abin da yake kashe fata da wuri shi ne lanƙwasa ta baya a ja a zura ƙugiya kullum. Da mai naɗewa fatar ba ta wahala, kuma agogon ba ya suɓucewa daga hannu. A kan Omega ɗin dai zai yi nauyi, ban ba ka shawara ba.

Jikan Dukawa:

Alhaji, tambayarka ta yi min daɗi, don mu gidanmu wannan ce sana'ar tun kaka da kakanni, ni ma jaka da walat nake ɗinkawa. Abin da aka gaya muku kuna yara gaskiya ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita fatake suke ɗauka su ratsa Sahara da ita, Turawa su saye ta a Arewacin Afirka su ce ta Maroko ce, har da ita suke yi wa manyan littattafansu bango. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da takalma da jemammiyar fata cikin manyan kayan da garin nan yake fitarwa. Yau ma majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai waje suke turawa. Kuma fatar akuya ba ƙaramar fata ba ce a wurin masu maɗaurin agogo, ta majemar Alran da ke Mazamet a Faransa da tsada ake sayenta.

Amma in ka shiga kasuwa ka ce wa duk badukun da ka fara gani ya yanka maka, za ka dawo nan kana zaginmu. Bari in gaya maka dalili.

Fatar akuya tana da ƙarfi amma siririya ce kuma tana miƙewa, musamman wajen ciki da hammata. Dole a yanka daga gadon baya, a bi tsawonsa. Ko hakan ma, in ba a sa wani abu marar talewa a tsakiya ba, ramin ƙugiya zai zama dogo cikin 'yan watanni. Ni siririn ƙyallen lailon nake mannawa tsakanin sama da shafi, ya zagaya har wurin da fil yake shiga, don nan ne nauyi yake.

Sai rini. Jan nan namu mai kyau na karan dafi ne, a kan kube da laya da kayan doki babu kamarsa. Amma ya haɗu da gumi yana iya zuba. Kai mai shadda ne, ka san abin da nake nufi in ya sauka a bakin hannun farar Getzner ranar Idi. Kafin ka sayi kowace fata, jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi. In ya ɗauko launi, ajiye musu. Ka kuma ɗiga mata ruwa ka shinshina. Jimar gargajiya ana jiƙa fata, a sa toka a kankare gashi, a tsoma a ruwan bagaruwa, a shafe da mai. In majemi ya yi gaggawa bai wanke da kyau ba, a bushe ba ka jin komai, tana jiƙa warin zai taso. A takalmi ba damuwa, a wuyan hannu kuwa kusa da hanci yake.

Na uku shi ne hannun mai ɗinki. Kayan aikin yawancinmu na takalmi ne da jaka, basillarmu babba ce, zaren mai kauri. Maɗaurin agogo yana son ɗinki kusan milimita 3 tsakanin huda da huda, da siririn zare mai kakin zuma, a feƙe bakin fata ya yi laɓa-laɓa a wurin naɗi, a goge gefe a shafa a sake gogewa har ya zama sumul. Aikin yini guda ne a kan abin da bai kai tafin hannu ba. Masu iya shi suna nan, yawanci matasa masu ɗinka walat da gidan waya, amma kada ka taya shi da kuɗin gyaran silifa.

Shawarata, ka samo jar akuya wadda ba a rina ba, mai launin bagaruwa kawai. Da kanta za ta yi duhu ta koma ruwan zuma, babu abin da za ta zubar. In launi kake so, ka ɗauki wadda aka gama a kamfani. Shafi kuma ka bi maganar Alhajin Nasarawa, ana samun guntayen ɗan maraƙi mai laushi a Wambai wurin masu kayan takalma. Ka je da wancan da ya lalace don a kwafi fasalinsa. Ka ce a yi biyu, kana ɗaura ɗaya ɗaya yana shan iska.

Fatar kada da mesa da guza da ake nuna maka a kasuwa, ka bar su. Babu takarda, kai kuma matafiyi ne, kada a tsare ka a filin jirgin wata ƙasa kan abin da bai taka kara ya karya ba. Jimarsu ma a bushe take, ɓawon yana ɗagawa.

Almajirin Ƙofar Na'isa:

Malamai sun yi bayani, Allah Ya saka da alheri. Abu ɗaya zan ƙara tunda mai tambaya ya nuna yana kula da sallarsa. Wasu maɗauran na waje da fatar alade ake yi musu shafi saboda laushinta da arharta. Ana gane ta da ido: ƙofofin gashinta uku-uku suke zuwa, a jere kamar duwatsun murhu. A juya ciki a duba kafin a biya, in ta intanet ne a tambaya a rubuce. Wannan jumhurun malamai sun tafi a kan jima ba ta tsarkake ta.

Fatar dabbar da ba a yanka ba kuwa akwai saɓani. Hadisi ya inganta cewa fata in an jeme ta ta tsarkaka, malamai da yawa a kan haka suke. Mashhurin mazhabar Malikiyya da aka karantar da mu a zaure ya fi tsanantawa, ana amfani da ita amma ba a salla da ita. Kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai akuyar da aka yanka a Kano ta raba ka da wannan tunanin tun daga tushe. Kuma wajen alwala, ja da agogo sama yana isarwa ne in ruwa ya game inda yake zaune, cirewar ta fi kwanciyar hankali.

Yaron Zoo Road:

Manya ku gafarce ni, amma duk wannan wahalar ta mece ce? Baba Alhaji ka sa masa na lailon irin na sojan Ingila, wanda ma'aikatar tsaronsu ta fitar a 1973, ake ce masa NATO. Yana bi ta ƙarƙashin agogo ta bayan fil biyun, ko ɗaya ya karye agogon ba ya faɗuwa. Ya yi datti ka wanke da sabulu ka shanya. Agogon Omega Speedmaster ɗin da ya je duniyar wata a 1969 ma ba da fatar kada ya je ba, da maɗaurin ƙyalle mai mannewa aka ɗaura shi. Ni Seiko 5 ɗina shekara da shekaru a kansa yake.

Mai Gyara, Sabon Gari:

Yaro, a Seiko ɗinka daidai ne. A agogon 1965 kuwa lailon yana riƙe laima a jikin gidan, kuma ƙurar Kano in ta shiga tsakani sai ta riƙa cin bayan agogon tana goge tambarin dokin ruwan da ke jiki. Sannan ka taɓa ganin lailon mai ratsi-ratsi a ƙarƙashin hannun babbar riga?

Ɗan Gwammaja:

Kai jama'a, Allah Ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malam mai gyara, na auna, 18 ne cif. Ƙugiyar kuma an same ta. Da na tambayi Hajiya ta ce in duba gwangwanin alawar da Baba yake tara maɓallai da tsoffin kwabbai, tana ciki, tambarin Omega a kanta, cikinta 16. Wuyan hannuna santimita 17 da rabi. Zan kawo agogon a duba robar maɓallin a sa sabon fil kafin komai, kuma aljihu ya zama wurinsa lokacin alwala.

Datejust zan bar shi a kan sarƙarsa har sanyi ya shigo, shi zai riƙa zuwa kasuwa a bazara. Alhajin Nasarawa, maƙullin nan mai naɗewa zan sa a taho min da shi, 20 zuwa 16 ko zuwa 18 ya fi kyau a kan 36? Omega kuwa na yanke, jar akuya marar rini za a yi masa. Odar waje ta jira tukuna, in na Kano ya ba ni kunya na dawo na faɗa muku.

Jikan Dukawa, saura abu ɗaya. In hunturu ya zo fata tana bushewa ta tsage, har takalmi. Wane mai zan riƙa shafa mata? Wani maƙwabcin shagona ya ce man shanu.

Alhajin Nasarawa:

20 zuwa 16. Jubilee ɗin kanta tsukewa take yi wajen maƙulli, idonka ya riga ya saba da haka.

Jikan Dukawa:

Alhaji, rufa wa fatar nan asiri, ban da man shanu. Yana tsami a cikinta, warin da ka gudo shi za ka koma wa. Basilin ma ban da shi, toshe ta yake yi ƙura ta manne. In ka ga ta fara fari-fari a wurin lanƙwasa, lakaci man kaɗe ɗan mitsitsi a yatsa, murza shi ya narke, shafa a saman kawai, bari ya kwana, da safe ka goge da tsumma mai laushi. Sau ɗaya ko biyu a duk hunturu ya isa, kuma ka sani zai ƙara mata duhu. Shafin ciki ba ya son mai, tsumma mai ɗan laima kawai yake so in ka cire da dare. In ruwa ya taɓa ta kada ka shanya a rana ko a kan janareta, ajiye ta a inuwa a miƙe ta bushe da kanta.

Da hannu 17 da rabi, 115 da 75 zai yi maka, ramin tsakiya za ka riƙa sawa. Ka ce kada a huda ramuka sai an gwada a hannunka, biyar sun isa. Ranar da za ka je wurin mai ɗinkin ka tafi da agogon kansa da ƙugiyar da sabon fil ɗin, ba awo a takarda kawai ba. Tsoffin Omega ɗin nan tazarar da ke tsakanin fil da jikin gida kaɗan ce, sai ya gani da idonsa zai san iya yadda zai feƙe bakin fatar ta shiga ta juya ba tare da ta goga ba.